Irisin da Ciwon Sukari: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Magana ta bazu cewa masana sun gano wani sinadari da tsoka ke fitarwa, mai suna irisin, wanda ke sa jikin mai ciwon sukari ya koma jin insulin, har wasu na ganin an kusa daina shan magani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma gishirin ya yi yawa. Tushen maganar bincike ne da Bruce Spiegelman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard a Amurka suka wallafa a mujallar Nature a 2012. Sun nuna cewa motsa jiki na sa tsoka ta saki irisin cikin jini, shi kuma ya mayar da farin kitse, wanda ajiya kawai yake yi, zuwa nau'in da ke ƙonewa ya ba da ɗumi. Ɓeraye masu ƙiba da aka ƙara wa sinadarin sun fi iya sarrafa sukari. Wannan ya tabbata, amma a jikin ɓera.

A jikin mutum lamarin ya rikice. A 2015 wasu masana suka gano cewa kayan awon da ake ta amfani da su suna kama wasu sinadarai daban a ɗauka irisin ne, don haka alƙaluma da yawa suka zama abin shakka. A shekarar ne kuma su Spiegelman suka sake awo da na'ura mai ƙwari, suka samu kimanin nanogram 3.6 a kowace mililita ta jinin marasa motsa jiki, da 4.3 a masu yi. Ke nan masu cewa babu irisin a jikin ɗan Adam su ma sun yi kuskure. Abin da bai tabbata ba shi ne rawarsa a ciwon sukari. Wasu bincike sun same shi ƙasa a masu ciwon, wasu sun same shi sama a masu ƙiba da jikinsu ya fara ƙin insulin, kuma ganin abu biyu tare ba ya nuna wane ne ya haifi wani.

Mai musu zai ce, ai motsa jiki na rage sukari, wannan ba hujja ba ce? Hujja ce ga motsa jiki, ba ga irisin ba. Tsoka ce ke ɗaukar mafi yawan sukarin da insulin ke turawa daga jini, kuma idan tana aiki takan buɗe ƙofofinta na GLUT4 ta jawo sukari ko da insulin bai taimaka ba. An san haka tun kafin 2012. Babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka wallafa a Amurka a 2002, mai mutum 3,234, ya nuna cewa rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin metformin kuwa da kashi 31.

Har yanzu babu ƙwaya ko allurar irisin da wata hukumar magunguna ta amince da ita. Abin da ke damuna shi ne mara lafiyar da zai ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda wannan jita-jita, alhali sukarin da aka bari ya hau yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.