Kiwon Jatan Lande A Gida: Ka Duba Ƙwan Kafin Ka Kashe Kuɗinka

Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwada da kaji, mu taɓa wani kiwo da ba a cika yi ba a wajenmu, wato jatan lande na ruwan daɗi, ɗan'uwan wanda ake sayarwa busasshe a kasuwa da sunan kirefish. Ana iya kiwonsa a cikin gida, a tankin gilashi ko babbar roba. Sai dai akwai inda masu farawa ke yawan yin asara: uwa ta ɗauki ƙwai ta ƙyanƙyashe, cikin 'yan kwanaki 'ya'yan su mutu kaf. Mai kiwo ya ɗora laifin kan abinci, alhali matsalar tun daga irin da ya saya take.

Babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Macrobrachium vollenhovenii. Ana samunsa tun daga Senegal har Angola, kuma tsawonsa kan wuce santimita 15. Babbansa a ruwan daɗi yake zama, amma 'ya'yansa ba sa girma sai a ruwa mai ɗan gishiri, can inda kogi ke haɗuwa da teku. Sai sun yi ƙwari sannan su hauro kogi.

Abin da ya faru a Senegal ya isa misali. A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama kusa da bakin Kogin Senegal, don hana ruwan teku hawowa. Hanyar jatan lande ta toshe, ya ragu ƙwarai a saman madatsar. Shi kuwa yana cin dodon koɗin ruwa da ke yaɗa tsargiya, don haka dodon koɗi ya yawaita, cutar ta bazu a yankin Richard Toll. To idan kogi guda ya kasa riƙe wannan iri saboda an raba shi da ruwan gishiri, ina ga tankinka?

Amma akwai irin da ke gama rayuwarsa kaf a ruwan daɗi. A rafukan kudancin Najeriya akwai wani ƙarami, Desmocaris trispinosa, da bai fi santimita 3 zuwa 4 ba. A Tafkin Chadi ma akwai Macrobrachium niloticum, kuma ka san tsakanin tafkin da teku akwai tazara.

Ta yaya za ka bambance? Ka duba ƙarƙashin cikin uwa, nan take rungume ƙwanta. Idan ƙwan dubbai ne, ƙanana kamar gari, galibi 'ya'yan za su fito a matsayin tsutsotsi masu buƙatar gishiri. Idan kuwa kaɗan ne, manya, har kana iya ƙirgawa, to galibi za su fito da kamannin uwarsu, su fara kiwo a ƙasan tanki nan take. Wannan na biyun shi ne na mai farawa.

Wanda ya nace sai ya hayayyafa babban iri, sai ya tanadi tanki daban da gishirin teku, ba na miya ba, ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku. Zai riƙa ƙyanƙyasar Artemia yana ba su da rai, da iska ba yankewa, fiye da wata guda. A yanayin wutarmu, in babu sola kar ma ka fara. Gara ka samo ƙananan da suka wuce wannan matakin ka raine su.

Wajen haɗa tanki, lita 40 zuwa 60 ta isa ƙananan iri. Zuba yashin kogi da aka wanke tas, da ciyawar ruwa, da wurin ɓuya: guntayen bututun roba ko fasasshiyar tukunyar ƙasa. Wurin ɓuyan nan dole ne, domin jatan lande yana saɓa kamar maciji, kuma lokacin da jikinsa ke da laushi 'yan'uwansa na iya cinye shi, musamman masu manyan hannaye. Ɓawon da ya tuɓe ka bar masa, yana ci ya mayar da sinadarin kalsiyam. Matacin soso mai aiki da famfon iska ya fi, don ba ya zuƙe jarirai. Ka bar tankin yana aiki mako 3 zuwa 4 kafin ka zuba su, ka kuma sa murfi, suna hawowa su fice.

Abinci kaɗan ne: 'yan ƙwayoyin abincin kifi mai nutsewa, dafaffen alayyafo, da busasshen ganyen gwaiba da za su riƙa tsintar abin da ya tsiro a kansa. Abin da ba su cinye ba ka kwashe, ruɓewarsa ce ke kawo amoniya.

Abubuwan da ke kashe su sun fi yawa a cikin gida. Maganin feshin sauro ko na kyankyaso, ko da a ɗakin kusa ne, yana iya share tanki a dare ɗaya, don jatan lande dangin ƙwari ne. Maganin kifi mai sinadarin tagulla guba ne a gare su. Ruwan famfo kuma a bar shi a buɗe kwana 2 saboda kulorin. Canjin ruwa kar ya wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a mako. Zafin da suka fi so shi ne digiri 24 zuwa 30, saboda haka da bazara a kauce wa rana da ɗakin kwano, da hunturu kuma a kauce wa bakin taga. Kar ka haɗa su da tarwada ko karfasa, abincinsu ka kawo.

Gaskiyar magana, tankin gilashi ba zai cika maka buhu ka kai kasuwa ba. Makaranta ce mai araha. Wanda ya iya riƙe ruwa har jatan lande ya hayayyafa sau biyu a hannunsa, ya san ruwa, kuma wannan sanin zai yi masa amfani ko a kan 'ya'yan tarwada. Ka fara da guda 10, ka tambayi mai sayarwa daga wane ruwa aka kamo su, ka kuma duba ƙwan da idonka.

Allah ya ba da sa'a.