Shaihin Malamin da Ya Ƙarar da Rayuwarsa kan Tururuwa

Daga cikin malaman ilmin halittu waɗanda ya wajaba a riƙa ambatonsu da alheri akwai Edward O. Wilson, haifaffen jihar Alabama ta Amurka a 1929, wanda ya soma karantarwa a Jami'ar Harvard a 1956, bai kuwa ajiye alli ba sai a 1996, bayan shekara 40 cur yana tsakanin ɗalibai da ɗakin bincike. Yana ɗan shekara 7, wurin kamun kifi, ƙayar kifi ta soke masa idon dama ta nakasa shi. Da hangen tsuntsaye daga nesa ya gagare shi, sai ya sunkuyar da kai ƙasa ya himmatu ga tururuwa, halittar da muke takawa ba mu ko waiwaya ba, alhali kuwa an ambaci sura guda da sunanta a Alƙur'ani mai girma.

Mas'alar da ta fi ɗaukar hankalinsa ita ce yadda dubban tururuwa, waɗanda galibinsu ganinsu rarrauna ne, suke fahimtar juna har su bi sahu ɗaya zuwa ga abinci. A ƙarshen shekarun 1950 ya ɗauki wata jar tururuwa mai zafin harbi, ya fede ta, yana murƙushe gaɓoɓin cikinta ɗaya bayan ɗaya yana shata layi da kowace a bakin gidansu, babu wadda ta motsa su, har ya iso ga wata 'yar jaka kusa da ƙarinta. Nan take tururuwan suka yi dafifi suka bi layin har ƙarshensa. Haka ya tabbatar da hujja cewa da ƙamshin sinadarai suke isar da saƙo. Mafi ban al'ajabi, ya gano sinadarin da gawarsu ke fitarwa, wanda in an shafa wa mai rai, 'yan'uwanta za su ɗauke ta tana shure-shure su kai ta juji, kuma duk sa'ad da ta komo su sake mai da ita, sai fa ta tsabtace jikinta.

Bai tsira daga suka ba, domin littafinsa na 1975 kan asalin ɗabi'un zaman tare ya ta da jayayya mai zafi, har wasu masu zanga-zanga suka kwara masa ruwa a ka a wani taro a 1978. Sau biyu ya sami lambar Pulitzer, ta biyun a 1991 saboda babban littafin tururuwa da suka wallafa da Bert Hölldobler. Amma a ra'ayina, abin da ya fi lambobin daraja shi ne, duk da shahararsa, bai ɗauki kansa ya fi ƙarfin karantar da ƙananan ɗalibai ba, har da waɗanda ba kimiyya suka zo karantawa ba.

Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2021, yana da shekara 92, kuma har cikin tsufansa bai daina wallafa littattafai ba.