Ƙaramar mota sabuwa ko babba ta hannu: Lissafin da ke gaban ma'aikacin da aka tura Kudu

Ma'aikacin tarayya ɗan Arewa da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu, ba ya daɗewa bai gane cewa mota ta zame masa tilas ba. Akwai zirga-zirgar ofis da kai yara makaranta, akwai kuma doguwar tafiyar zuwa gida da Sallah. A nan ne muhawarar da ake yi a bakin masallatan Bida Road a Anacha, da Owerri Road a Inugu, da Diobu a Fatakwal take tasowa: a sayi ƙaramar mota sabuwa dal, ko kuwa babba mai faɗin zama wadda wani ya riga ya mora?

Tun shekarar 2003 da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, mafi yawan ma'aikata da aljihunsu suke sayen mota, su zuba mata mai, su gyara ta. Nauyin ya ƙaru bayan ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ma ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500, farashin mota da na kayan gyara suka bi ta. Kuskuren zaɓen mota a yau yana iya cinye tanadin shekaru.

Bambancin da ke tsakaninsu

Ƙaramar mota ita ce irin Toyota Corolla, da Honda Civic, da Hyundai Elantra. Matsakaiciya kuwa, wadda muka fi kira babba, ita ce irin Camry, da Accord, da Sonata. A ɗauki Corolla da Camry ƙirar 2015 a matsayin ma'auni. Injin Corolla lita 1.8 ne, na Camry lita 2.5, akwai kuma mai silinda shida lita 3.5. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla tana shan kimanin lita 7.4 a kowace kilomita 100, Camry mai silinda huɗu kimanin 8.4, mai shida kuwa kimanin 9.4.

Wanda ke tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai zuba ƙarin lita 150 idan ya zaɓi Camry mai silinda huɗu, ko lita 300 idan mai shida ce. In aka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, ƙarin ya kama naira 150,000 zuwa 300,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato ƙarin ya zarce ninki biyu zuwa huɗu na wannan adadi. Wannan kuma ma'aunin lafiyayyen titi ne. A cunkoson Aba Road na Fatakwal ko Upper Iweka na Anacha, inda mota ke tsaye inji na aiki da na'urar sanyi a kunne, babban inji ya fi zuƙar mai. Tayoyinta sun fi girma da tsada, haka ma birki da sauran kayan ƙafa.

Inda babbar ta yi zarra

Ba a banza mutane ke son babbar mota ba. Daga Fatakwal zuwa Kano ya haura kilomita 1,000. Mai tashi daga Inugu zai bi ta 9th Mile da Obollo-Afor da Otukpo da Makurdi da Lafiya kafin ya shaƙi iskar gida. A irin wannan tafiya, da maiɗaki da yara uku da kayan tsaraba, faɗin kujerar baya da girman but suna da daraja. Tankin Corolla lita 50 ne, na Camry ya kai 60 ko fiye. Babbar ta fi zama daram a kan titi, ta fi kuma ƙarfin wuce tirela a hawa irin na Ugwu Onyeama da ke kan hanyar Inugu zuwa Anacha.

Sai dai mai saye ya tambayi kansa: sau nawa yake wannan tafiya a shekara? In sau biyu ne, to yana biyan kuɗin man babbar mota na wata goma sha biyu saboda jin daɗin kwana huɗu. Tsawonta kuma yakan sa cikinta gogar tudun rage gudu idan ta yi lodi, kuma a damina, da ruwa ya kwanta a titunan Fatakwal, babu wadda ta tsira a cikinsu.

Sabuwa ko ta hannu

Kuɗin ƙaramar mota sabuwa yakan sayi babba ta hannu har a samu canji, abin da ke jan hankalin mutane da yawa ke nan. Ta hannun, wadda ake kira 'yar Kwatano a Arewa, Belgium a ƙasar Ibo, tana zuwa da tarihin da dillali ba lallai ya faɗa ba. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye ko suka yi mummunan haɗari a Amurka, aka yi musu kwaskwarima. Akwai waɗanda aka mayar da ma'aunin tafiyarsu baya. A ranar 1 ga Janairun 2017 an haramta shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, don haka takardar kwastam ta jabu tana iya sa a ƙwace mota a tsakiyar hanya, da iyali a ciki.

Sabuwa tana da garanti, galibi na shekara uku ko kilomita 100,000, kuma shekarunta na farko ba su wuce juyen mai da sauya tacewa. Aibinta shi ne darajarta tana zubewa da zarar ta bar shago.

Akwai kuma na gida. Kamfanin Innoson na Innocent Chukwuma, wanda aka buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, ya fito da ƙaramar Fox da Umu mai but a 2014. A Kaduna, kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa 301 a 2022. A Disambar 2024 hukumar bayar da lamuni ta CREDICORP da hukumar raya masana'antar motoci ta NADDC suka ƙaddamar da asusun naira biliyan 20 domin sayen motocin da aka harhaɗa a gida. Ma'aikaci mai albashi tsayayye ya cancanci ya bincika, amma ya karanta sharuɗɗan biya da kuɗin ruwa da kyau kafin ya sa hannu.

Kayan gyara da ranar komawa gida

Mazaunin waɗannan garuruwa yana zaune ne a cibiyar kayan gyara: Mgbuka Obosi da Nkpor a gefen Anacha, Nkwo Nnewi, Coal Camp a Inugu, da Ikoku a Fatakwal. Amma ma'aikacin tarayya baƙo ne, takarda ɗaya ke mayar da shi Gusau ko Damaturu. Motar da ta dace da shi ita ce wadda bakaniken kowane gari ya san ta, wadda kuma za ta sayu da wuri in buƙata ta taso. A nan Corolla da Camry sun yi wa sauran fintinƙau.

Kafin a biya, a je da bakanike amintacce wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. A binciki lambar jikin motar a intanet, a tantance takardar kwastam a ofishin hukumar, a ɗaga darduma a duba tsatsa da laka. A tuƙa ta da mutum huɗu a baya, a kan ramuka, ba a kan shimfiɗaɗɗen titi kaɗai ba. A kuma ware kuɗin rajista da inshora, wadda mafi ƙarancinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023.

Ga mai iyali kaɗan da yawancin tafiyarsa a cikin gari take, ƙaramar mota ta fi rufa asiri. Mai iyali da yawa da ke bin dogon titi duk wata yana da hujjar sayen babba mai silinda huɗu. Wanda kuwa matsayi kawai yake son nunawa a bakin sakatariya, ya tuna cewa masu kallo ba sa raka shi gidan mai. Daidai ruwa, daidai tsaki.