Cikin Ba-zata Ga Mace Mai Rikicewar Al'ada

Larurar da likitoci ke kira PCOS rikicewa ce ta sinadaran da ke tafiyar da al'ada da fitar ƙwai a jikin mace. Likitoci biyu a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su ne suka bayyana ta a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba.

A jikin mai wannan larura ƙwai ba ya nuna ya fita kowane wata. Al'ada takan tsallake wata biyu ko uku, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su feso a fuska, wuya da hammata su yi duhu, sau da yawa kuma ƙiba ta biyo baya. Larurar tana jinkirta haihuwa, amma ba ta toshe ta. Ƙwai kan fita jefi-jefi ba tare da sanarwa ba, shi ya sa macen da aka daɗe ana yi wa kallon juya take iya wayar gari da ciki.

Haɗarin yana cikin rashin ganewa da wuri. Ɗaukewar al'ada ita ce alamar da mata suka dogara da ita, to ga wadda ta saba da tsallake ba ta nuna komai. A ƙauyuka irin su Karare da maƙwabtanta a Batsari da Safana, akan ce jini ne ya daskare ko sanyi ne ya kama mara, sai a haɗa jiƙo da kanwa, ko a sayo ƙwayoyi a kemis don a sauko da jinin. A makonnin farko na ciki ne kuwa gaɓoɓin ɗa ke haɗuwa, kuma irin waɗannan magunguna na iya jawo ɓari. Matakin farko shi ne gwajin fitsari da tsinken gwaji, musamman da fitsarin asuba, a maimaita bayan mako guda idan tashin zuciya, kasala ko nauyin nono suka ci gaba.

Idan ciki ya tabbata, sai a nufi awo ba tare da jiran motsin ɗa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12. Tunda lissafin wata ba ya aiki ga mai rikicewar al'ada, hoton ciki ne ke tantance kwanakinsa. Ana kai wa ma'aikacin lafiya duk maganin da ake sha, domin na rage gashi da na neman haihuwa ana dakatar da su, na suga kuma likita ke yanke hukunci a kansa. Mai PCOS ta fi sauran mata fuskantar ciwon suga na ciki da hawan jini, don haka akan gwada sugarta tun farko, a sake tsakanin mako na 24 da na 28. Jiƙon maganin zaƙi ba ya maye gurbin wannan gwaji.

Zubar jini, ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ciwon kai da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga, duk alamu ne na garzayawa asibiti. Babban Asibitin Batsari da na Dutsin-Ma suna karɓar irin wannan, abin da ya fi ƙarfinsu kuma a tura Asibitin Turai Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Da yake tafiyar dare a yankin dajin Rugu tana da haɗari, wajibi ne maigida ya tanadi kuɗin mota da mai ba da jini tun da wuri, idan da hali mai ciki ta koma wurin dangi kusa da asibiti a watan haihuwa.

Bayan haihuwa larurar ba ta gushewa, kuma wani cikin na iya shiga kafin a ga jini. Mai son hutu tsakanin haihuwa tana buƙatar shawarar ma'aikatan lafiya kan tazara, tare da gwajin suga lokaci-lokaci.