Murfin kwalba da zare: Wasan yara da ya koma na'urar gwajin jini

Idan ka tashi a lungunan Madabo ko kewayen Dala, da wuya a ce wannan wasa ya wuce ka. A samo murfin kwalbar lemo, a daddake shi da dutse har ya baje, a huda shi gida biyu da ƙusa a tsakiya, a zura zare a ƙulle. Sai a saƙala a yatsu, a ɗan wulwula, a fara ja ana saki. Nan take murfin zai ɗauki gudu yana gurnani kamar ƙudan zuma. Wanda bai samu murfi ba ya nemo babban maɓalli. Masu ƙarfin hali kuwa har wasa bakin murfin suke yi, a kara da na aboki, wanda aka tsinke wa zare ya sha dariya.

Yanzu waya ta ɗauke hankalin ƙannenmu, ba kasafai ake ganin sa ba. To amma ka san wannan ɗan wasa da muka raina ya shiga ɗakin binciken Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fito a matsayin na'urar tace jini?

Me ya sa ba ya tsayawa?

Sirrin yana cikin murɗewar zare. Idan ka wulwula murfin, silin zaren biyu suna nannaɗe juna, tsawonsu ya ragu. Da ka ja hannu, sai murɗewar ta fara warwarewa, ƙarfin hannunka ya koma juyi. Lokacin da zaren ya miƙe sarai, murfin ya riga ya ɗauki gudu, kuma abin da ke juyi ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Saboda haka sai ya zarce, ya murɗe zaren ta ɗaya ɓangaren. A nan ne kake sassauta hannu, ka ba shi dama ya gama naɗewa, sannan ka sake ja.

Shi ya sa ɗan koyo ke shan wahala. Idan ka ja kafin lokaci, ka kashe gudun. Idan ka makara, iska da gogar zare sun cinye ƙarfin. Kamar lilo ne, sai ka tura a daidai gaɓa. Nauyi ma yana da nasa aikin: faifan da nauyinsa ya taru a baki ya fi wuyar tashi, amma idan ya tashi ya fi daɗewa yana juyi. Ƙarar kuma daga iskar da bakin murfin da zaren ke kaɗawa take fitowa.

Tsohon wasa ne

Masu binciken Stanford sun ce an san irin wannan wasa tun wajen shekara 3,300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan uwansa yo-yo, mai sauka da hawa a jikin zare, akwai zanen yaro yana wasa da shi a jikin wani tsohon kwanon yumɓu na Girka. A 1928 wani ɗan Filifin mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'antar yo-yo a Kalifoniya, daga baya Donald Duncan ya saye ta, wasan ya bazu duniya.

Mu nan gida ma ba baƙin juyi ba ne. Ga katantanwa, wadda ake murzawa da yatsa a kan rairayi. Ga kuma mazarin kakanninmu mata: siririn tsinke da dunƙulen yumɓu a gindinsa. Wannan dunƙule shi ke riƙe gudu har auduga ta murɗe ta zama zare. Da irin wannan kaɗi aka ciyar da masaƙa da marina, aka cika Kasuwar Kurmi da tufafin da Heinrich Barth ya yaba lokacin da ya zo Kano a 1851. Tsohuwar da ke murza mazari ba ta buɗe littafin kimiyya ba, amma hannunta ya san inda nauyi ya kamata ya zauna.

Daga lungu zuwa asibiti

Idan likita ya ce a je a yi PCV, wato a auna yawan jini, ana sa ɗan jini a siririn bututu, a saka cikin na'ura mai juyi da gudu. Jajayen ƙwayoyin jini sun fi nauyi, sai su taru a can ƙarshen bututun, ruwan jinin ya rage ta ciki. Matsalar ita ce na'urar tana da tsada, kuma sai da lantarki. Manu Prakash, malami a Stanford, ya ba da labarin yadda ya ga irinta a wani asibitin karkara a Yuganda an tokare ƙofa da ita, saboda babu wutar da za a kunna ta.

Shi da abokan aikinsa, ciki har da Saad Bhamla, suka shiga gwada kayan wasan yara. Yo-yo ya kasa kai gudun da ake bukata. Da suka zo kan maɓalli da zare, sai suka ga abin mamaki: idan zaren ya gama murɗewa, yakan ƙara cukurkuɗewa a kan kansa, ya tara ƙarfi fiye da yadda aka zata. A watan Janairun 2017 suka wallafa sakamakon. Na'urar tasu, Paperfuge, faifan takarda ce da zare da mariƙi biyu, kuɗin haɗa ta kusan santi 20 na dalar Amurka. Da ƙaramin faifai sun kai juyi 125,000 a minti ɗaya, wato sama da 2,000 a daƙiƙa guda. Fankar silin ɗakinka 'yan ɗaruruwa kawai take yi a minti. Sun raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin minti ɗaya da rabi, sun kuma ware ƙwayoyin cutar maleriya cikin minti 15.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Ga masu sikila da mata masu ciki da ke yawan bukatar awon jini. Ga ƙananan asibitocin da ke wuni ba wuta. Amma fa a kula, Paperfuge tace jini kawai take yi. Har yanzu sai da ma'aikacin lafiya da ya san aikinsa, sai da madubin duba ƙwayoyin cuta. Kada wani ya soki yatsa a gida ya ce zai gwada.

Abin tambaya gare mu

Madabo unguwar malamai ce, tarihi ya danganta ta da Wangarawa, kuma ƙarni da ƙarni ana karatu a zaurukanta. A ƙofar waɗannan zauruka yara sun yi ta ja da sakin zare, sai dai tambayar “gudu nawa yake yi?” a wata nahiyar aka yi ta. A makaranta mun haddace dokokin Newton don cin jarrabawa, ba a taɓa ɗauko mana murfin kwalba an ce ga su nan a hannunku ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A ƙarshen makon nan ka yanka kwali faifai biyu, babba da ƙarami, ka haɗa wa ƙaninka. Ku bar murfin ƙarfe mai kaifi, yana yanka yatsa kuma yana iya tashi ya sami ido. Ku gwada dogon zare da gajere. Ku liƙa ƙananan maɓallai biyu a bakin faifan, ɗaya daura da ɗaya, ku ga abin da zai canza. Ka ɗauki bidiyon da wayarka a yanayin tafiyar hawainiya, ku ƙirga sau nawa yake sauya alkibla. Idan ya tambaye ka dalili, kar ka ce masa haka kawai yake, ku zauna ku nemo amsar tare.