Aikin Ido Da Hasken Leza: A Yi Tambaya Kafin A Zuba Kuɗi

Daga kasuwar Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, muna yawan ganin ɗan kasuwa yana nesanta wayar salula ko littafin bashi da fuskarsa kafin ya iya karantawa. Masu zuwa sarin kaya Dubai ko Alƙahira kuwa suna dawowa da labarin aikin ido da hasken leza, wai yana raba mutum da tabarau har abada. To, ina gaskiyar magana?

Rashin ganin kusa iri biyu ne. Na farko ƙirar ido ce: ƙwayar ido ta yi gajarta, ko fatar gabanta mai sheƙi ba ta lanƙwasa sosai ba. Wannan shi ne leza ke gyarawa. Likita na kankare gefen fatar don tsakiyarta ta ƙara tudu, cikin ƙasa da rabin awa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da aikin LASIK tun 1999.

Idan matsalar ba ta wuce lamba +3 ko +4 a awon tabarau ba, akasari ana dacewa. Idan ta haura haka, gyaran kan ragu bayan wasu shekaru, a koma ga tabarau. Bushewar ido na watanni da ganin fitilun mota suna bazuwa da dare kan biyo baya, abin lura ga mai wuni cikin ƙurar hunturu ko tuƙin dare.

Na biyu kuwa na shekaru ne. Daga shekara 40, madubin da ke cikin ido yana taurarewa, kuma leza ba ta hana shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan matsala, alhali tabarau na karatu mai araha na wadatar da mafi yawansu.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin a taɓa jari, a je asibitin ido a yi awo, a duba yanar ido da hawan jinin ido, wanda ke makantarwa a ɓoye. Mai ciwon suga da mai juna biyu su sanar da likita tun farko. A kuma tambaya: wa zai duba ni in na dawo gida? Ido dai ba a sayensa a kasuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.