Wanda Ya Bugu a Kai, Kada a Bar Shi Gida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗakar da 'yan'uwana bisa abin da na gani da idona.

Bara ƙanena ya faɗo daga babur, gefen kansa ya bugi dutse. Ya suma, jim kaɗan ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa, har ya ci tuwo. Muka ce Allah ya kiyaye. Ashe da sauran rina a kaba. Kafin lisha sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi. Muka sheƙa da shi asibiti.

Likita ya ce mini ƙashin da ke tsakanin ido da kunne ba shi da kauri, a ƙarƙashinsa kuwa akwai jijiyar jini. In ta tsage, jini ya riƙa taruwa ciki, yana danne ƙwaƙwalwa, gama ƙoƙon kai ba ya buɗawa. Yaro yana iya faɗuwa cikin 'yan sa'o'i, tsoho kuwa jinin yakan tsiyaya a hankali har makonni. Aka huda ƙashin aka kwashe jinin, Allah ya tashi kafaɗunsa.

To, jama'a, wanda ya bugu a kai har ya suma, ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti nan da nan. Masu hawan babur kuma, hular kwano ta fi magani araha.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.